Gyaran Cikin Ɗakin Jirgin Faiba Mai Filafilai: Hanyoyi Shida da Ma'aunin Zaɓe



Gabatarwa

A shekarar 1969 wani kamfanin ƙera jiragen ruwa da ke kudancin Ingila, mai suna Westerly, ya fito da wani ƙaramin jirgi mai tafiya da iska, ya sa masa suna Centaur. Tsawonsa ƙafa 26 ne, watau kusan mita 8, yana kuma da ɗaki a ciki inda iyali za su kwana su yi girki. Kafin a daina ƙera shi a 1980 an yi guda 2,444. Kamfanin ya rushe a shekarar 2000, amma da yawa daga cikin jiragen suna nan bisa ruwa, ƙwaryarsu garau. Abin da ya fara gazawa a jikinsu shi ne shimfiɗar da aka manna wa rufin ɗakin da bangayensa daga ciki. Bayan shekara 15 ko 20 sai ta fara sakin jiki, ta yi tumbi, ta rinƙa shafar kan mutane, daga baya ta zubo gaba ɗaya. Abin ya yawaita har masu jiragen suka laƙaba wa cutar sunan kamfanin, ko da yake jiragen kamfanoni da dama na wancan zamani sun yi fama da ita.

Wannan lacca za ta duba abu uku: amfanin wannan shimfiɗa, dalilin lalacewarta, da hanyoyin da ake bi a sabunta ta. Mai sauraro zai iya tambaya, ina ruwan mutumin Kano ko Zinder da ɗakin jirgin Bature? Amsa ita ce, duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar mota ya ga silinta ya zazzago, har direba ya kafe shi da allurai, to ya ga wannan cuta da idonsa, domin kayan iri ɗaya ne, sanadin ma ɗaya ne. Haka kuma jiragen faiba sun fara yawa a kogunan Nijeriya, ma'aikatan gwamnati ne kuwa ke rubuta takardun sayensu da na gyaransu.

Kalmomin aiki

Tun da yake kogunan ƙasar Hausa ba su saba da irin wannan jirgi ba, ya kamata a daidaita kalmomi tukuna. Filafilai su ne ƙyallayen da ake ɗaurawa a doguwar sanda domin iska ta tura jirgi. Ƙwarya ita ce gangar jikin jirgin, wadda ke zaune cikin ruwa. Doro shi ne saman jirgin inda ake takawa, wanda kuma shi ne rufin ɗaki ga wanda ke ciki. Kalmar faiba ariya ce daga Ingilishi, ta kuwa riga ta zauna a bakin masu sayar da tankin ruwa da masu gyaran mota, saboda haka babu dalilin ƙirƙiro wata. Abin da ake nufi da shimfiɗa a nan shi ne duk abin da aka lulluɓe cikin ɗakin da shi, leda ce, ko katako, ko kafet, ko fenti.

Asalin faiba

Faiba haɗin abu biyu ne: zaren gilashi, da wani danƙo na masana'anta wanda ke daskarewa ya yi tauri in an zuba masa maganinsa. Zaren ke ba da ƙarfi, danƙon ke riƙe zaren ya ba shi siffa. An gano hanyar yin zaren gilashi da yawa a Amurka a farkon shekarun 1930, aka kafa kamfanin Owens-Corning a 1938 domin sana'arsa. Ana danganta jirgin faiba mai filafilai na farko ga Ray Greene, mutumin Toledo a Jihar Ohayo, a 1942. Amma kasuwar ba ta buɗe sosai ba sai a 1959, sa'ad da kamfanin Pearson ya baje wani jirgi mai ƙafa 28, Triton, a bikin nunin jiragen ruwa na Niyok. An ƙera sama da 700 daga cikinsa. Daga nan jirgin shaƙatawa ya sauko daga hannun attajirai zuwa hannun malamin makaranta da akawu.

A cikin zubi ake yin jirgin faiba, kamar yadda ake zuba bulo. Ana fara shafa wa zubin wani danƙo mai launi, kaurinsa kimanin rabin milimita, sa'an nan a rinƙa shimfiɗa zaren gilashi bisa kansa, falle bayan falle. In an fitar da ƙwaryar, gefen da ya taɓa zubin, watau waje, sumul yake kamar tangaran. Gefen ciki kuwa kaushi gare shi, da tudu da kwari, da ƙaiƙayin zare. Wannan kaushi shi ne dalili na farko da ya sa ake neman abin rufe shi.

Aikin shimfiɗa

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne raɓa. Kowa ya san yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin zufa in an fito da ita daga firiji. Ruwan nan daga iskar ɗaki ya fito, domin iska mai ɗumi ta fi mai sanyi iya ɗaukar tururi. A digiri 20 na ma'aunin santigirad, iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe tana iya riƙe giram 17 na ruwa. A digiri 10 ba ta iya riƙe fiye da giram 9 da ɗan ɗoriya. To, a ce iskar ɗakin jirgi tana digiri 20, tana kuma ɗauke da kashi 70 cikin 100 na abin da za ta iya ɗauka, watau kimanin giram 12. Duk abin da ta taɓa wanda sanyinsa ya kai digiri 14 ko ƙasa da haka, sai ta sauke masa ruwa. Ruwan tekun kudancin Ingila kuwa a watan Afrilu yakan kasance wajen digiri 10, ƙwaryar faiba mai kaurin 'yan milimitoci kuma ba ta tare sanyi.

Daga ina tururin ke zuwa? Daga numfashin masu barci, da jiƙaƙƙun tufafi, da murhu. Kilo ɗaya na gas ɗin girki in ya ƙone yana haifar da ruwa fiye da kilo ɗaya da rabi. Mutum huɗu su yi girki su kwana a ɗakin da bai kai shago ba, da asuba za su tarar ruwa na ɗiga musu daga rufi, katifa ta jiƙe ta ƙasa, funfuna ta kama kusurwoyi. Shimfiɗa mai soso a bayanta tana hana iskar ɗaki taɓa faiba mai sanyi, domin soso ya fi faiba tare sanyi da zafi fiye da sau biyar.

Dalili na uku shi ne ɓoye wayoyin lantarki da notunan da suka riƙe ƙarafan doro, tare da rage ƙara da kuma sassauta bugu in igiyar ruwa ta jefa kan mutum ga rufi. A nan ne kuma haɗari yake. Abin da ke ɓoye noti yana ɓoye yoyo. Doron jiragen faiba da yawa falle biyu ne da wani itace marar nauyi a tsakani, mai suna balsa, wanda akasarinsa daga ƙasar Ikwado yake zuwa. In ruwa ya sami hanya ta ramin noti, sai ya shiga balsar nan ta ruɓe, doro ya yi laushi ƙarƙashin ƙafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gyaran ruɓaɓɓen doro yakan ci kuɗin da ya fi darajar tsohon jirgin kansa.

Dalilin lalacewa

Shimfiɗar da aka fi amfani da ita a shekarun 1960 zuwa 1980 leda ce irin ta kujerun mota, da soso mai kaurin 'yan milimitoci a bayanta, a manne da gam. Soson nan ɗan gidan foliyuritan ne, sinadarin da Otto Bayer ya gano a Jamus a 1937, shi ne kuma ake yin katifa da shi. Laima da zafi da iska suna cin sa a hankali, har ya daina komawa in an matsa shi, daga baya ya zama gari. Saboda haka yawanci soson ne ke rabewa a tsakiyarsa: rabi ya zauna jikin faiba tare da gam, rabi ya bi leda. Wannan ya sa duk wanda ya sake shafa gam ya mayar da tsohuwar ledar ya yi aikin banza, gama ya manna gari ne a kan gari. Ban da haka, akwai wani mai da ake zuba wa leda domin ta yi laushi, wanda ke tsattsafowa da tsufa ya narkar da gam marar inganci. Rana kuma in ta doki doro tana gasa gam ɗin daga sama.

Share fage

Kowace hanya aka zaɓa, aikin farko ɗaya ne, shi ne kuma mafi wuya. Ana cire fitilu da firam ɗin tagogi da katakan ado, a yaye tsohuwar ledar a hankali a ajiye ta, domin ita ce za a auna sabuwa da ita. Sa'an nan a kankare garin soso da busasshen gam da burushin waya da samfefa, har faiba ta fito tas. Daga nan sai a zuba ruwa a doro da tiyo, wani yana ciki yana duba kowane noti da gefen kowace taga. Duk abin da ya yi yoyo a kwance shi, a sake zaunar da shi da sabon danƙon toshiya. In za a sauya wayoyi, yanzu ne lokacinsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wannan mataki yana iya cin rai, dole a faɗi haka ƙarara. Tururin gam da na tina da na asiton sun fi iska nauyi. A ɗakin gida sukan bi ta ƙarƙashin ƙofa su fita, amma jirgi kamar ƙwarya yake, ba shi da ƙofa a ƙasa, don haka tururin yakan taru a gindinsa. Yana bugar da mai aiki ya suma a inda ba mai ganinsa, tartsatsi ɗaya kuma daga makunnin fitila ya isa ya tayar da wuta. Ƙa'ida ita ce a cire batir, a kashe duk wata wuta, a buɗe kowace kafa, a sa fanka irin wadda ba ta tartsatsi tana zuƙe iska daga ƙasa, mai aiki ya sa takunkumi mai matatar sinadari, a kuma bar mutum na biyu a waje. Takunkumin yadi yana tare ƙura kawai, ba ya tare tururi. Ƙurar faiba ita ma tana cutar da huhu da ido da fata.

Hanya ta farko: mayar da irin ta da

Ana iya sayen sabuwar leda mai soso a manna ta kai tsaye kamar yadda kamfani ya yi. Gam ɗin irin na masu gyaran takalma ne: a shafa wa gefe biyu, a jira ya sha iska, sa'an nan a haɗa. Da zarar sun taɓa juna ba gyara, saboda haka aikin mutum biyu ne, daga tsakiya ake farawa a bi zuwa gefe. Lalle ne gam ɗin ya zama mai jure zafi, wanda kuma man leda ba ya narkarwa. Amfanin wannan hanya shi ne ba ta cin tsawon ɗaki, tana bin kowane lanƙwasa, ba ta da nauyi, tana kuma mayar da jirgi kamanninsa na asali, abin da masu saye ke so. Aibinta biyu ne. Ta sake rufe notuna, in yoyo ya zo sai an yage ta. Kuma wanda ya bi ta ya san cewa shi ko magajinsa zai sake wannan aiki bayan wasu shekaru.

Hanya ta biyu: allunan da ake cirewa

A nan ana manna siraran sandunan katako a jikin rufin, kamar yadda ake jera azara, a cike tsakaninsu da soso mai rufaffun ƙofofi, watau irin wanda ba ya shan ruwa, wanda ake naɗe bututun na'urar sanyaya ɗaki da shi. Sa'an nan a yanka alluna na filawud mai kaurin milimita 3 ko 4, bayan an fitar da siffarsu da kwali, a lulluɓe su da leda ko a yi musu fenti, a ɗaure su jikin sandunan da sukuru ko da maɗaurin nan mai ƙaya-ƙaya, Velcro, wanda wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, ya yi wa rajista a shekarun 1950.

Filawud ɗin ya zama na jiragen ruwa, wanda aka manne fallayensa da gam marar jin ruwa. Ma'auninsa a Ingila shi ne BS 1088. Mafi yawan marar nauyi daga cikinsa da itacen okume ake yin sa, wanda ke fitowa daga Gabon da maƙwabtanta. A shafe bayan kowane allo da bakinsa da banish ko danƙon ifoksi, domin ta baki ruwa ke shiga filawud. A kuma auna tsawon sukuru da kyau, kada ya huda doro ya buɗe sabuwar hanyar yoyo. Soson kuwa a manna shi gaba ɗaya, ba rata, gama in iska ta sami wurin shiga bayansa raɓa za ta taru inda ido ba ya gani.

Wannan hanya ta fi sauran cin lokaci, tana kuma rage tsawon ɗaki da santimita 2 ko 3, abin da dogon mutum zai ji a ƙoƙon kansa a jirgin da ɗakinsa bai wuce ƙafa 6 ba. Akwai nauyi kuma: allo mai milimita 4 yana da kimanin kilo 2 a kowane murabba'in mita, ke nan rufi mai murabba'in mita 10 zai ƙara kilo 20 ban da sanduna, a saman jirgi, inda ba a son nauyi. Amma ribarta babba ce. Cikin minti biyar mutum zai sauke allo ɗaya ya duba noti, ya ja waya, ya mayar. Wannan ya sa masu doguwar tafiya a teku suka fi son ta.

Hanya ta uku: fenti

Wasu sukan ce a bar faiba a fili. Sai a cike kwarurrukan da ƙullin ifoksi, a goge, a sake cikewa, a sake gogewa, sa'an nan a yi fenti. Maimakon fenti ana iya shafa danƙo mai launi irin na wajen jirgi, amma wanda aka zuba wa kaki na masana'anta, domin danƙon foliyesta ba ya bushewa sarai in iska na taɓa shi. Kakin ne ke tasowa sama ya raba shi da iska. Maganin daskarar da shi kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake zubawa, ɗigonsa ɗaya kuwa a ido yana iya makantarwa. Fentin foliyuritan mai haɗi biyu ya fi kowane ƙarko, sai dai fesa shi a rufaffen wuri haɗari ne ga huhu, don haka da burushi ko rola ake shafa shi.

Kayan wannan hanya sun fi araha, ba abin da zai zubo, ana wanke shi da sabulu, kowane noti kuma yana fili. Amma fenti ba ya tare sanyi ko kaɗan. A ƙasashen sanyi ɗakin zai yi ta zufa, ƙara kuma za ta yi yawa. Wahalar gugar rufi da hannu a sama, kwana da kwanaki, ita ce kuɗin da ake biya.

Hanya ta huɗu: kafet

Akwai wani siririn kafet na zaren roba, marar gindi, mai miƙewa ta kowane gefe, wanda ake lulluɓe cikin motocin kwana da shi. Zarensa ba ya shan ruwa, ba ya ruɓewa, yana ɓoye kaushin faiba ba tare da an goge ta sumul ba, kuskuren mai koyo kuma ba ya nunawa a jikinsa. Ya dace da gefen gado da cikin kabad. Sai dai yana riƙe ƙura da gashi da ƙaurin girki, in gishirin teku ya shiga cikinsa kuma yakan jawo laima. Bai kamata a sa shi kusa da murhu ko a makewayi ba.

Hanya ta biyar: tsinkayen katako

Wannan ita ce mafi tsufa, an gaje ta daga jiragen katako. Ana kafa sanduna a tsaye jikin ƙwarya, a jera siraran katakai a kwance bisa kansu, faɗin kowane kamar yatsu biyu ko uku, da 'yar rata a tsakani domin iska ta zaga. Katifa da tufafi ba sa taɓa faiba mai sanyi, raɓar da ta taru a baya kuma tana gangarawa gindin jirgi inda famfo zai fitar da ita. A nan Afirka ta Yamma tana da hannu a cikin sana'ar. Jan katakon da maƙeran jiragen Turai ke kira sapele ya sami sunansa daga garin Sapele na Jihar Delta, iroko kuma shi ne suke sa wa a madadin tik na ƙasar Bama saboda tsadarsa. Hanyar tana da kyan gani da ƙarko, ana kuma iya kwance katako ɗaya a duba bayansa. Tana bukatar ƙwararren kafinta, da sabunta banish lokaci lokaci.

Hanya ta shida: ɓawon kwak

Kwak shi ne ɓawon itacen nan da ake toshe bakin kwalba da shi. Ƙasar Fotugal ke samar da kimanin rabin na duniya. Ba a sare bishiyar. Sai ta kai wajen shekara 25 a fara ɓare ta, daga nan kuma duk bayan shekara 9. Ana sayar da shi falle falle a manna, ko a niƙa shi a gauraya da fenti a fesa. Yana tare sanyi kusan kamar soso, ba ya zama gari irin na soso, ba ya kuma saurin kama wuta. Dole a shafe fuskarsa don kada ya sha datti, launinsa kuma yana duhunta ɗaki in ba a yi masa farin fenti ba.

Ma'aunin zaɓe

Tambaya huɗu ce ke raba gardama. Ta farko, a ina jirgin zai zauna? Inda ruwa ke da sanyi, tare raɓa shi ne gaba, don haka alluna masu soso ko kwak. Inda ake zafi, kamar Legas, wadda ke da kulob ɗin masu jiragen filafilai tun 1932, zafi da laima suna gaggauta mutuwar soso da gam, funfuna kuma ita ce abokiyar gaba; fenti da tsinkayen katako sun fi dacewa.

Ta biyu, me ke bayan shimfiɗar? Duk inda akwai noti ko waya, a sa abin da ake iya cirewa.

Ta uku, yaya kayan suke da wuta? Soson foliyuritan in ya kama yana fitar da baƙin hayaƙi mai guba. Gobarar kantin Woolworths a Manchesta a 1979, wadda ta kashe mutum 10, daga kayan ɗaki masu irin wannan soso ta yi ƙarfi, tana kuma cikin abubuwan da suka jawo dokar Birtaniya ta 1988 kan kayan ɗaki. Wanda ke cikin teku ba shi da titin da zai fita ya tsaya. Saboda haka a nemi kayan da aka yi wa maganin wuta, a kuma sa farantin ƙarfe a saman murhu.

Ta huɗu, nawa jirgin ya kai? Wannan ce tambayar da ta fi ciwo. In an ba ƙwararru aikin, ladansu yakan kusanci kuɗin tsohon jirgin, sai mai shi ya yi watsi da shi a bakin gaɓa. Faiba kuwa ba ta ruɓewa kamar katako, ba a kuma narkar da ita kamar ƙarfe. Matsalar yasassun jirage ta kai Faransa ta kafa tsarin karɓarsu da wargaza su a 2019. Ashe shimfiɗar da ba ta kai kaurin yatsa ba tana iya yanke wa ƙwarya mai sauran shekaru masu yawa hukunci.

Masu gwaninta ba sa tsayawa kan hanya ɗaya. Sukan sa alluna a rufin babban ɗaki, katako ko kafet a gefen gadaje, fenti a makewayi da cikin kabad. Kowace aka bi kuma, ba ta wadatar sai da iska mai zagawa. Tun shekarun 1930 aka san wata dabara ta bututu bisa akwati mai shigar da iska ya tare ruwa, wadda ta ci sunan jirgin Dorade na Olin Stephens. Jirgin da aka kulle ba kafar iska zai yi funfuna ko da me aka lulluɓe shi.

Abin da ya shafi gida

A watan Yuni na 2023 wani jirgin katako ya kife a Kogin Kwara a yankin Patigi, mutum fiye da 100 suka rasu. A wannan shekarar aka kafa ma'aikatar tarayya mai kula da harkokin teku, daga bisani kuma aka yi ta kira a maye gurbin jiragen katako da na faiba ko na alminiyam. Akasarin waɗannan jirage na inji ne, da yawa ma ba su da ɗaki. Amma darasin ɗakin Centaur ya hau kansu. Ƙwaryar faiba tana daɗewa ƙwarai, abin da aka manna mata ne ke mutuwa da wuri: kujeru, soso, wayoyi, danƙon toshiya. Ma'aikacin da ke rubuta takardar kwangila yana da ikon sa sharaɗi cewa duk abin da ya rufe noti ko waya ya zama mai ciruwa, soso ya zama marar shan ruwa kuma marar saurin kama wuta, a kuma ware kuɗin dubawa kowace shekara. Araha ba ta ado, a kan ruwa kuwa abin da take ci ya wuce ado.

Kammalawa

An ga cewa shimfiɗar ɗakin jirgi tana rufe kaushi, tana tare raɓa, tana ɓoye kayan aiki, kuma wannan ɓoyewa ita ce babban haɗarinta. An ga cewa soso ne ke mutuwa, don haka sake shafa gam ba magani ba ne. An kuma jera hanyoyi shida, kowace da wurin da ta dace. In za a riƙe abu ɗaya daga cikin bayanin nan, to a riƙe wannan: kafin a zaɓi launi ko laushi, a tambayi yadda za a kai ga abin da ke baya ranar da ruwa ya fara ɗiga.

Ga ɗaliban Hausa kuma akwai aiki. Kalmomin ƙwarya da doro da shimfiɗa da aka yi amfani da su a nan shawara ce kawai. Masunta da matuƙan kwalekwale na Yawuri da Argungu da bakin Tafkin Chadi suna da nasu sunaye na sassan jirgi da na kayan toshe yoyo. Ya kamata a je a tattaro su daga bakin masu su, a rubuta, tun kafin jirgin faiba ya shigo da kalmominsa ya danne su.